Babi na Biyar: Gaisuwar Surukai a Ƙasar Ruma

A ƙauyen Hausa na da, saurayi bai cika yin doguwar tafiya don iyayen budurwarsa su gan shi ba, domin tun yana goye suka san shi. Aure na gida ne ko na maƙwabta: 'yar baffa, 'yar kawu, ko yarinyar ƙauyen gaba da ake haɗuwa da ita ranar kasuwa. Uban yarinya ya san gonar uban yaro, ya san damin da suke ɗaurewa a shekara, ya san ko gidan masu riƙon aure ne ko na masu saurin saki. Ba abin da za a bincika, sai dai a tuna.

Boko da wayar hannu suka sauya wannan. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta a garin, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, 'yan matan Batsari da Safana suke zama aji ɗaya da samarin Kano da Zariya da Funtuwa da Daura. A ga juna, a karɓi lamba, magana ta yi nisa. Wata rana yarinya ta ce, "An ce a gida ana son ganinka." Daga ranar zance ya tashi daga na mutum biyu ya koma na gidaje biyu, kuma dole a taka ƙasa a je.

Batsari tana kimanin kilomita 50 daga birnin Katsina, ta Ƙofar 'Yanɗaka ake fita a kama hanyarta. Ƙasar Ruma ce, Sarkin Ruma ake kiran hakiminta, mutanenta kuma suna alfahari da barade irin su Ɗanwaire. Safana tana kudu da ita, an fi shigarta ta Dutsin-Ma, Yariman Katsina ne hakiminta, in ka wuce ta ka nufi Runka ka fara shaƙar iskar daji. Dajin shi ne Rugu, wanda ya kwanta a yammacin ƙananan hukumomin biyu ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, da rogon da ya yi suna har ake sayar da shi da sunan garin, da shanun Fulanin da suka daɗe suna kiwo a makiyayar Ruma da Kukar Jangarai. Wanda duk zai je neman aure can, gidan manomi zai shiga, ko na makiyayi, ko na ɗan kasuwar hatsi, ko da kuwa yarinyar digiri gare ta. Da ma'aunin irin waɗannan gidaje za a auna shi, ba da na jami'a ba.

Wannan tafiya ba ita ce ta manya ba. Manya suna zuwa daga baya, da goro da alewa da kuɗin gaisuwa, su nemi a ba ɗansu. Wannan ta saurayi ce, ya kai kansa a gan shi. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan ɗauki wansa, ko aminin da ya iya magana ya kuma iya yin shiru, domin shi angon gobe bakinsa a ɗaure yake yawancin yinin. Sutura ta zama kaftani mai tsabta da hula, ba sai shadda mai tsada ba. Tsaraba kuwa goro ne na tsofaffi, da sabulu da sukari da turare na cikin gida, da alewa ko dabino na yara. A nan samari da yawa suke kuskure, su ciko bayan mota da kaya don a san suna da shi. Manomin Ruma ba ya karanta wannan a matsayin girmamawa. Yana ganin an zo taya 'yarsa ne kafin a gaishe shi, kuma ko bai faɗa ba, abin zai zauna masa a rai.

Na taɓa raka wani ƙanena irin wannan gaisuwa, zuwa wani ƙauye a ƙasar Batsari, a shekarun da hanya take lafiya. Kaka ce, an yanke gero, damma suna jingine a bakin rumbuna. Tun daga nesa yara suka gane mu ne baƙin da ake jira, suka ruga suka kai labari. Kafin mu isa an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye buta da ruwan sha a kwano mai murfi. Muka tuɓe takalma tun daga waje. Wani dattijo ya shigo da sallama, ƙanena ya zame daga kan tabarma ya durƙusa a ƙasa, kansa sunkuye.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Ya mutan gida? Ya iyayen naku? Tashi ka zauna, ɗana, nan ma gida ne."

Bai tashi ba sai da aka faɗa sau uku, kuma ko da ya tashi, gefen tabarma ya ɗosana. Gaisuwar ta ɗauki lokaci. An tambayi damina, an tambayi gajiya, an tambayi zafin birni, aka koma aka sake tambayar iyaye. Bayan an yi shiru kaɗan dattijon ya juyo gare ni, ba ga mai neman auren ba, ya ce, "To Malam, shi yaron ɗan wane gida ne? Mi yake yi?" Ni na amsa. Na faɗi sunan mahaifinmu da na kakanmu, da unguwarmu, da sana'ar gidanmu, da aikin koyarwar da yaron yake yi. Da na ambaci kakanmu sai dattijon ya tambaya ko muna da dangantaka da wasu fatake da suka taɓa sauka garinsu sayen hatsi. Ba mu da ita, amma na gane abin da yake yi: yana lalubo zaren da zai ɗaura mu da wani abu da ya sani.

Dattijon nan ba shi ne uban yarinyar ba, wansa ne. Uban ya leƙo sau ɗaya, ya ce sannunku, ya wuce kamar mai sauri. A hanyar dawowa ƙanena ya damu, yana ganin ba a yi na'am da shi ba. Haka samarin birni da yawa suke fassara abin, alhali kunya ce. Uba ba ya zama ya yi zancen auren 'yar cikinsa, balle in 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ya kira. Yakan miƙa al'amarin ga wansa ko ƙanensa, kuma sau da yawa shi wannan baffan ne zai zama waliyyi ranar ɗaurin aure. Saboda haka wanda aka turo maka zaure, shi ne mai magana, kada ka riƙa leƙen bayansa kana jiran wani ya fito.

Da aka kawo abinci sai duk masu gida suka fice suka bar mu. Fura ce da nono a ƙwarya, da kwaɗon rogo da ƙuli-ƙuli, daga baya tuwon dawa ya biyo da miyar kuka da zabuwar da aka yanka dominmu. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukansa, su ma ba sa tsayawa su ga loma tana shiga bakinsa. Ko bayan sun fita, ɗan taɓawa yake yi. Aikin ɗan rakiya ne ya ci sosai, don kada kwano ya koma yadda ya zo a ce an raina girkin gida. Yaran da suke zuwa kwashe kwanuka kuwa ba kwanuka kaɗai suke komawa da su ba. Za a tambaye su a cikin gida wane ne ya ci, wane ne ya yi bisimilla, wane ne ya yi musu magana da fara'a.

Bayan nan aka yi mana iso cikin gida. Uwar yarinya tana daga cikin ɗaki, labule a sake, muka durƙusa daga bakin ƙofa. Muryarta kawai muka ji, gajeriyar gaisuwa da sa albarka. Sai ga kakar yarinyar ta fito da sandarta, ita kam ba ruwanta da kunya.

"Wanne ne mijin nawa a cikinku? Kai ne? To, ni ka zo gani ko kishiyata? Ina goron nawa?"

Nan gida ya kaure da dariya, har daga bayan labule. Ƙanena ya samu bakin magana a karo na farko, ya ce ai ita ce uwargida, wancan zancen duk bayanta yake. Ya miƙa mata goro da ɗan abin da ya tanada. Wasan kaka da jika tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma a irin wannan rana yana da babban aiki. A gidan da kowa ya ɗaure fuska saboda kunya, ita kaɗai ke da izinin ta ja baƙo da wasa, ta ga ko yana da saurin fushi, ko yana da girman kai, ko ya iya mayar da magana ba tare da ya zarce ba. Da dare, in an zauna shawara, ra'ayinta yana da nauyi.

Sauran jarrabawar a masallaci ake yin ta. Da aka kira azahar muka fita tare da mazan gidan, kuma ƙauyen gaba ɗaya ya ga yadda baƙon ya yi alwala, da sahun da ya tsaya, da yadda ya gaida liman bayan an sallame. Ba wanda ya ce masa komai. Amma kafin la'asar magana ta zaga, kuma abin da aka gani a wannan ɗan lokaci ya fi duk abin da yarinya ta faɗa a kansa tasiri.

Kada a ɗauka masu gida kaɗai ke kallo. Baƙo ma idonsa a buɗe yake. Yana ganin rumbu, ko cike ko wayam. Yana ganin yadda ake yi da tsohuwar gidan, da yadda kishiyoyi suke magana da juna a tsakar gida, da yadda maƙwabta suke shigowa taya karɓar baƙi ko suke noƙewa. Ɗan rakiya mai wayo yakan zame ya je teburin mai shayi ya zauna, ya bar hira ta kawo kanta. A nan ake jin ko gidan masu mutunci ne, ko suna da rigimar gona da wani, ko an taɓa ba wani yarinyar aka fasa. Musulunci da kansa ya ƙarfafa gani kafin aure. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya dubi matar da yake nema, don hakan ya fi sa zama ya ɗore. Bahaushe ya faɗaɗa abin, ya ce a ga yarinya, a kuma ga gidan da ta fito, domin gani ya kori ji. A da ma ba a tsayawa a zuwa ɗaya. In damina ta faɗi, saurayi yakan tara abokansa su yi wa surukinsa gayya, a ga ƙarfinsa a bakin kunya, a ga kuma ko yana da jama'a. Ɗan birni na yau buhun taki yake aikawa, ana kuma karɓa da godiya, sai dai taki ba ya nuna halin mai shi.

Duk wannan da na zayyana yana bukatar abu biyu: hanyar da za a bi, da gidan da za a tarar. Su ne kuwa abin da shekarun nan suka taɓa. Satar shanu a dajin Rugu ta rikiɗe ta zama kisa da satar mutane don kuɗin fansa. A watan Mayun 2019 aka kashe mutum 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, mutanen gari suka ɗauko gawarwakin har birnin Katsina don shugabanni su gani da idonsu. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba a jin juna. Ka tuna da saurayin da aka sa masa ranar zuwa gaisuwa a wannan tsakanin. Ba ya iya kira ya ji ko hanya ta yi kyau, ba ya iya sanin ko mutanen da zai gaisar suna nan ko sun tashi. Maganganun aure da yawa a nan suka yi sanyi, ba don wani ya fasa ba.

Sai tsarin tafiyar ya juye. Da, ana iya isa ko da yamma, a kwana, a yi hirar dare a ƙofar gida, da safe a zaga gona. Yanzu da hantsi ake shiga, ana sallame azahar masu gida da kansu za su ce, "Ku kama hanya tun da sauran rana." Ba a sanar da ranar zuwa sai ga mutum ɗaya ko biyu, saboda tsoron masu kai rahoto daji. Ba a zuwa da mota mai ɗaukar ido. Wasu sukan zaɓi Alhamis, ranar kasuwar Batsari, don su saje da 'yan kasuwa, ko da yake ranar ce kuma magidanta ba sa zama gida. Tsoron ba na banza ba ne. A Fabrairun 2024, a ƙasar Sabuwa da ke kudancin jihar, an tare 'yan rakiyar amarya aka kwashi mutum fiye da 50, yawancinsu mata. Tun kafin wannan ma gidaje da yawa sun mayar da ɗaurin aure cikin garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko birnin Katsina.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gaisuwar da ake yi a gidan da ba na masu shi ba. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu. Wasu sun fara da zama a azuzuwan makarantun firamare, wasu suna raɓe a gidajen dangi, wasu a kangayen bayan gari a Katsina, wasu sun tsallaka ƙasar Maraɗi. Dattijon da yake da zaure da rumbuna da turken shanu, yau a ɗaki ɗaya na haya zai karɓi mai neman 'yarsa. Ba zauren da zai fice ya bar baƙi su ci abinci, ba labulen da uwa za ta tsaya a bayansa, ba maƙwabcin shekara arba'in da zai ba da shaida. Kunyar da aka gina ta da bango da tazara, yanzu a cikin taku huɗu ake ƙoƙarin riƙe ta. Kuma suna riƙewa. Za ka ga an ari tabarma, an ari ƙofar gidan maƙwabci, uban ya fita ya tsaya a bakin titi har a gama, an nemo wani dattijon garinsu da gudun hijira ya kawo unguwar ya zauna a matsayin baffa. Furar da za a kawo maka wataƙila kuɗin abincin darensu ne.

Saurayin da ya tarar da haka, nauyin da ke kansa ya ninka. Ya tuɓe takalminsa a inda da zaure zai kasance. Ya durƙusa kamar yadda zai durƙusa a gidan mai rumbu goma. Ya tambayi sunan garinsu, ya bar dattijon ya ba shi labarin gonarsa da iyakarta da abin da take bayarwa, domin wannan labarin shi ne ya rage masa a madadin zagayen da da zai kai shi. Kada kuma ya ga halin da suke ciki ya ɗauka an samu aure mai araha. Shari'a ta sa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya don ta sauƙaƙa wa marar hali, ba don mai hali ya ci da gumin wanda masifa ta kora ba. Na ga masu kuɗin da suke zagaya irin waɗannan unguwanni suna ɗaukar 'yan mata ba bincike ba gaisuwa, bayan 'yan watanni su sako su da ciki. Iyayen sun bayar ne don a rage bakin ci. Wannan zalunci ne, ko da an ɗaura shi a gaban liman da shaidu.

Akwai kuma laifin da ke wuyan iyayen samari. Yaro zai zo ya ce ya ga yarinya, a tambaye shi 'yar ina ce, da ya ce Batsari ko Safana sai fuska ta canza. In kuma aka ji Bafulatana ce daga gefen Rugu, sai a rufe zancen tun ba a ji sunan ubanta ba. Mutanen nan su aka kashe, su aka kora, su aka sace wa shanu, Hausawansu da Fulaninsu, waɗanda suka yi zamanin kakanni suna auratayya da musayar nono da hatsi. Bai kamata a haɗa musu gudun hijira da ƙyama ba. Tsoron hanya hujja ce ta a jinkirta tafiya ko a sauya wurin haɗuwa. Ba hujja ba ce ta a ƙi mutane.

Al'amura sun ɗan motsa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoban 2023, matasan yankin ne a cikinta, kuma baƙo zai gamu da su a shingayen hanya. A Janairun 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari, wasu jagororin 'yan bindiga suka miƙa makamai suka saki mutanen da suke riƙe da su, Jibiya ta biyo baya, daga bisani Safana. Mutane sun rabu a kan sulhun, wasu suna ganin numfashi ne aka samu, wasu suna tuna na 2019 da bai ɗore ba. Mai shirin tafiya ba da labarin rediyo zai yi aiki ba. Ya bar wa dangin yarinya zaɓin rana da hanya da wurin haɗuwa. In sun ce ya zo ƙauye, sun san abin da suka gani. In sun ce a haɗu a gidan baffanta a Dutsin-Ma, kada ya matsa don nuna jarumtaka, domin in wani abu ya same shi su za a bari da abin faɗa har abada.

In ya dawo gida, sai ya zauna da mahaifinsa ko wanda ke tsaye a madadinsa, ɗan rakiya ya ba da rahoton abin da ya gani da abin da ya ji. A can ma ana zaune ana tattaunawa, kuma ba mamaki su turo nasu mutum a ɓoye ya zo unguwar saurayi ya tambayi mai unguwa da liman da masu shago. In bangarorin biyu sun gamsu, sai saƙo ya zo ta bakin yarinya ko ta wayar baffanta cewa a turo manya. Su za su yi tafiya ta biyu, su yanke sadaki, su sa rana. Tafiya ta uku ta mata ce, gwaggonni da innonin amarya, waɗanda za su taso daga Ruma ko Runka su zo su ga ɗakin da za a ajiye 'yarsu, su auna bangonsa kafin a sayi gado, su yi jere. Dangin ango ne za su karɓe su, kuma a wannan karon su ne za a zuba wa ido.